Hawa Za Ka Yi Ko Sayarwa?

Akwai tambayar da kanikawa kan yi wa mai mota idan injinsa ya buga, kuma a kowane gareji kusan lafazinta ɗaya ne. Bayan bakanike ya buɗe bonet, ya zaro sandar awon baƙin mai ya duba, ya sa yaro ya tayar ya saurari ƙarar, sai ya goge hannu ya ce, "Alhaji, wannan sai dai a sauke. Amma tukuna, hawa za ka yi ko sayarwa?" Ba da mugunta yake tambayar ba. Shawara yake son bayarwa daidai da buƙata, domin amsar ce za ta nuna masa irin injin da za a je a nemo. Idan hawa ne, a nemi mai lafiya ko da tsada. Idan sayarwa ne, a nemi wanda zai tashi, ya yi shiru, ya kai motar hannun mai saye.

Mun saba jin tambayar har ba ma tsayawa mu auna abin da ke cikinta. Mota ɗaya ce, hanya ɗaya za ta bi, lodin da za ta ɗauka bai canja ba. Abin da ya canja kawai shi ne wanda zai zauna a bayan sitiyari. To, me ya sa lafiyar inji za ta dogara da sunan mai tuƙi? Wannan muke so mu bi a hankali, domin mai sayarwa ma yana da hujjojinsa, kuma wasunsu suna da ƙarfi.

Hanyoyin da ke gaban mai mota

Kafin mu yanke wa kowa hukunci, ya kamata mu san abin da ake zaɓa a tsakani. Hanyoyin huɗu ne, ko da yake uku aka fi ambata.

Ta farko ita ce injin Beljiyam, wanda a kudu ake kira tokumbo. Inji ne da aka cire daga motar da ta gama aiki a Turai, Amurka ko Japan, aka zuba a kwantena, aka sauke a tashar ruwa ta Legas ko Kwatano, daga nan ya bazu kasuwannin kayan gyara irin su Ladipo a Legas, Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna. Shi ne mafi tsada, kuma galibi shi ya fi daɗewa, amma fa ba sabo ba ne, ba ya kuma zuwa da takardar tarihinsa. Abin da mai shago kan bayar shi ne 'yan kwanaki na gwaji, in ya ba da matsala a dawo masa da shi ya canja.

Ta biyu ita ce injin gida, wato wanda aka cire daga motar da ta yi aiki a nan. Wani daga motar da ta yi haɗari aka ciro shi, an buge ta ta baya, injin bai ji komai ba. Irin wannan kan yi kyau ƙwarai. Wani kuwa daga motar da ta shekara goma tana jigila tsakanin gari da gari aka ciro shi, ya gaji kamar wanda za a maye gurbinsa, ko ma ya fi shi gajiya. Duka biyun a wuri ɗaya ake jera su, kuma in an wanke su tas, ido ba ya bambance su.

Ta uku ita ce a gyara wanda ya buga. A kwance shi ɗaiɗai, a auna ramukan fistin, a kai karanshaf a goge, a sa sabon ringi da mital da gasket. In an samu gwani da kaya masu kyau, injin da aka yi wa wannan aiki yana iya shekaru yana ja. In kuwa na gaggawa aka yi, aka zura ringi mai araha ba a auna komai ba, hayaƙi zai ɗauke na ɗan lokaci, sannan ya dawo.

Ta huɗu ita ce a sayar da motar yadda take, a gaya wa mai saye inji ya buga, ya rage kuɗinsa ya je ya zaɓi wanda yake so. Ba a cika son wannan ba, saboda motar da ba ta tashi ba ta da kwarjini a kasuwa, kuma abin da mai saye kan zaftare yakan wuce kuɗin injin.

Ratar kuɗin da ke tsakanin hanyoyin nan ta ƙara faɗi a 'yan shekarun nan. Daga watan Yunin 2023 da aka saki naira ta nemo farashinta a kasuwa, dalar da take wajen naira 460 a hukumance ta haura naira 1,500 a cikin Fabrairun 2024. Duk abin da ke shigowa a kwantena da dala ake sayensa, don haka injin Beljiyam ya yi tashin gwauron zabo. A daidai lokacin kuma cire tallafin fetur, wanda aka sanar ranar 29 ga Mayun 2023, ya sa masu albashi da yawa suka ga riƙon mota ya fi ƙarfinsu. Mutumin da yake sayar da motarsa don ya biya kuɗin makarantar yara ko kuɗin haya bai zama azzalumi ba don ya tsaya a gaban injuna biyu yana lissafi. Matsi ne ya kawo shi, kuma duk hukuncin da ya manta da haka bai yi masa adalci ba.

Abin da ido ba ya gani

Zancen inji ya bambanta da na fenti ko taya saboda ba a ganin cikinsa. Taya in ta suɗe kowa ya gani. Inji kuwa sai ya yi watanni yana aiki kafin ya faɗi gaskiyar kansa. Yana da alamomi, kuma kanikawa sun san su. Hayaƙi shuɗi-shuɗi daga salansa yana nufin baƙin mai na ƙonewa tare da fetur. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya ɗumi yana nufin ruwa na shiga inda bai kamata ba, galibi gasket ne ya ƙone. Baƙin mai da ya koma kamar koko a ƙarƙashin murfi ya gauraya da ruwa ke nan. Ƙarar ƙwanƙwasa da sanyin safiya takan nuna mital ya ci.

Matsalar ita ce kusan kowace alama tana da abin rufe ta na ɗan lokaci. Baƙin mai mai kauri, da ruwan gwangwani da ake ƙarawa a cikinsa, suna rage hayaƙi su danne ƙara. Tayar da mota ta ɗumi kafin mai saye ya iso yana ɓoye ƙarar safiya. Akan cire ƙwan fitilar gargaɗi don kada ta kama a gaban direba. Akwai ma abin da ya fi wannan wayo. Toyota Corolla ta shekarun 2003 zuwa 2008 da ta fito daga Amurka da injin 1.8 take zuwa, mai lamba 1ZZ. Injin nan yana da ƙanne biyu da aka fi sani a motocin Turai, 3ZZ mai 1.6 da 4ZZ mai 1.4, kuma a waje kamarsu ɗaya. In aka ɗora ƙaramin a mazaunin babban, mai saye zai zagaya unguwa ya ji motar lafiya lau. Sai ranar da ya cika ta da iyali da kaya, ya kunna na'urar sanyi, ya fuskanci Hawan Kibo a hanyar Jos, sannan zai ji ba ta da ƙarfi. Lambar tana nan an buga ta a jikin ƙarfen injin, amma mutum nawa ne suka san inda za su leƙa?

Ke nan mai sayarwa yana riƙe da wani sani da mai saye ba shi da shi, ba kuma zai same shi a zagayen minti goma ba. Duk nauyin maganar nan a kan wannan sani yake.

Hujjojin mai sayarwa

Hujja ta farko ta lissafi ce. Mai sayarwa zai ce, "Ni ba sadaka na fito yi ba. Farashin irin motar nan sananne ne a kasuwa. Ko na ɗora injin da ya fi kowanne lafiya, ba wanda zai ƙara min sisi." Akwai gaskiya a cikin wannan, kuma masana tattalin arziki sun daɗe da lura da ita. A 1970 wani masani ɗan Amurka, George Akerlof, ya wallafa maƙala a kan kasuwar tsofaffin motoci, wadda tana cikin aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2001 tare da wasu masana biyu. Abin da ya nuna mai sauƙin fahimta ne. Idan mai saye ba zai iya bambance mota mai lafiya da mai ciwo ba, zai biya kuɗin tsaka-tsaki. Mai motar kirki zai ga kuɗin bai kai darajar kayansa ba, sai ya janye. Da ya janye, masu ciwo sun ƙara yawa a kasuwa, mai saye ya ƙara rage abin da zai biya, wani mai motar kirkin ma ya janye. A haka har kasuwa ta cika da ruɓaɓɓu.

Wannan bayani ya nuna mana dalilin da ya sa ɓoyewa ke da jan hankali, amma ya nuna wani abu kuma da mai hujjar ba ya son ji. Abin da ya hana mai saye ƙara sisi shi ne an taɓa cutarsa, ko an cuci ɗan'uwansa, kuma wanda ya cuce su irin lissafin nan ya yi. Duk wanda ya ɓoye aibin inji ya ci amanar mutum ɗaya, ya kuma rage darajar motar kowane mai gaskiya a garin. Yana kuka da rijiyar da shi ma yake zuba wa ƙasa.

Hujja ta biyu ta fi dabara. "Ban yi ƙarya ba. Bai tambaya ba, ban faɗa ba. Kuma ai da bakanikensa ya zo." Wannan gardama tsohuwa ce. A shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa, Sisero, ɗan siyasa kuma marubucin Rum, ya kawo misalinta a littafin da ya rubuta wa ɗansa a kan wajiban ɗan Adam. Wani ɗan kasuwa ya ɗauko hatsi a jirgin ruwa daga Iskandariyya zuwa tsibirin Rodos, inda ake fama da yunwa, hatsi ya yi tsada. A hanya ya ga wasu jiragen a bayansa, su ma maƙare da hatsi. Shin ya gaya wa mutanen tsibirin, farashi ya faɗi, ko ya yi shiru ya sayar da tsada? Sisero ya kawo ra'ayin malamai biyu. Ɗaya yana ganin yin shiru daban, ɓoyewa daban. Ɗayan yana ganin mutum yana da haƙƙin ɗan'uwansa mutum a wuyansa. Sisero ya goyi bayan faɗa.

Mu lura, abin da ɗan kasuwar nan ya sani labarin kasuwa ne kawai, hatsinsa ba shi da aibi. Namu ya fi nasa nauyi ta fuska biyu. Aibin yana cikin hajar kanta, kuma mai sayarwa ne ya sa shi da hannunsa. Wanda ya zaɓi inji don zai yi shiru na wata guda, ya zuba masa mai mai kauri, ba zai ce shiru kawai ya yi ba. Ƙaryar ta fara tun a gareji, kafin a buɗe baki a wurin ciniki. Batun bakaniken mai saye ma ba ya tsayuwa, domin don a makantar da shi aka zuba man. Ba ka toshe wa mutum ido sannan ka ce ai ya duba.

Hujja ta uku ita ce mafi rauni a hankali, amma ita ta fi ƙarfi a zuciya: "Ni ma haka aka yi min." Wanda aka cuta yana da haƙƙi, amma haƙƙinsa yana kan wanda ya cuce shi, ba ya kan baƙon da zai zo gobe. Miƙa asara gaba ba ya kashe ta. Tafiya take yi daga hannu zuwa hannu, har ta faɗa kan wanda ba shi da inda zai miƙa ta. Kuma da yake mota tana ƙara araha ne duk lokacin da ta canja hannu, mai saye na ƙarshe yakan zama mafi ƙarancin ƙarfi a cikin jerin. Shi ne ɗan fansho da ya zuba giratutinsa a Golf don ta riƙa kawo cefane. Shi ne saurayin da dangi suka haɗa wa kuɗi don ya daina zaman banza. Shi ne direban da ya karɓi mota a kan biya a hankali, wanda balas ke hawa kansa ko motar ta fita ko tana gareji.

Araha ba laifi ba ce

Duk da haka, kada mu wuce gona da iri. Akwai masu cewa wajibi ne mai sayarwa ya ɗora injin da zai ɗora in da shi zai hau. Maganar tana da daɗin ji, kuma wanda ya yi haka ya kyauta, amma mayar da ita tilas ba zai amfani kowa ba, har da mai saye. Akwai wanda mota mai araha yake nema da gangan, yana da bakanike a gida, ya san yadda zai lallaɓa inji mai shan baƙin mai har ya tara kuɗin wani. In aka tilasta wa kowa ɗora mafi tsada, farashi zai tashi, a rufe wa irin wannan mutum ƙofa. Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kalmar da ke ɗauke da karin maganar ita ce "ya san". Ba wanda ya taɓa zargin mai sayar da rariya da ha'inci.

Abin da muka gada a karatun zaure ma nan ya dosa. A cikin Sahihu Muslim an ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani tarin abinci a kasuwa, ya sa hannu a ciki, yatsunsa suka ji danshi. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Bai umarce shi ya zubar ba, bai kuma hana shi sayarwa ba. Laifin da ya kama shi da shi shi ne bai ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani ba, kuma a nan ne ya yi kakkausan gargaɗi a kan algus. Jiƙaƙƙen hatsi haja ne, yana da farashinsa. Binne shi a ƙarƙashin busasshe ne ya mayar da cinikin cuta.

Akwai wani hukuncin da ya fi kama da namu. An hana mai raƙuma ko tunkiya ya ƙi tatsarta na kwanaki don hantsarta ta cika, mai saye ya ɗauka mai yawan nono ce. In an yi haka, mai saye yana da zaɓi bayan ya tatsa, ko ya riƙe ta, ko ya mayar da ita tare da sa'i guda na dabino a madadin nonon da ya sha. Mai dabbar bai furta ƙarya ko ɗaya ba. Hantsar ce ta yi masa maganar. Baƙin mai mai kauri a cikin gajiyayyen inji shi ne ɗaurarriyar hantsar zamaninmu. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda almajirai ke karantawa a ƙasar Hausa tun kaka da kakanni, ta faɗaɗa abin har ya wuce aibi zalla. Ta hana mai sayarwa ɓoye duk wani abu game da hajarsa wanda jin sa zai sa mai saye ya ja baya ko ya rage kuɗi. Canjin inji, da irin injin da aka sa, babu shakka suna cikin wannan.

Daga nan muna iya fitar da ma'auni guda, kuma lokacin amfani da shi shi ne lokacin zaɓi, tun ana gareji. Mutum ya zaɓi injin da zai iya faɗin irinsa, da inda ya samo shi, da abin da aka yi masa, a gaban mai saye ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Injin gida mai araha ya halatta in za a ce na gida ne. Gyaran ringi ya halatta in za a ce gyara ne. Ɗora 1.6 a mazaunin 1.8 ya halatta in za a ce 1.6 ne. Amsar da ta dace da tambayar bakanike ita ce, "Sayarwa zan yi, amma nemo min wanda zan iya gaya wa mai saye gaskiyarsa."

In kuwa shirin ba zai yi riba ba sai in mai saye bai sani ba, to ribar ita ce daidai abin da aka zare daga aljihunsa. Mu ƙaddara bambancin inji mai lafiya da gajiyayye naira 400,000 ne. In an gaya wa mai saye, zai rage wannan kuɗi, kowa ya tashi da abin da ya cancanta. In an ɓoye masa, zai biya kuɗin mai lafiya, bayan 'yan watanni ya sake sayen inji, ya sake biyan kuɗin aiki, ya yi asarar kwanakin da motar ta yi a ajiye. Mai sayarwa ya samu 400,000, mai saye ya yi asarar abin da ya fi haka. Abin da ake kira tsimi a nan kuɗin wani ne aka ɗebo, har wani sashe ya zube a hanya.

Inda faɗin gaskiya bai isa ba

Ma'aunin nan yana da iyaka, kuma dole mu faɗe ta. Akwai aibin da kuɗi kawai yake ci, akwai wanda rai yake ci. Inji mai shan baƙin mai aljihu yake taɓawa, kuma mai aljihu yana da damar ya yarda. Amma injin da ke mutuwa haka kawai ana cikin gudu wani abu ne daban. A irin motocin da muke magana a kai, inji ne ke taimaka wa birki da iskar da yake zuƙa, kuma a da yawansu shi ke juya famfon da ke sa sitiyari laushi. In ya mutu, sitiyari ya yi nauyi, birki kuma bayan taku ɗaya ko biyu ya yi tauri. Mu ɗauka hakan ta faru direba yana tsakiyar wuce tirela, wata motar na tahowa.

A nan yardar mai saye ba ta wadatar ba, domin ba shi kaɗai zai shiga motar ba. Fasinjojin da za su hau a tasha ba a tambaye su ba. Yaran da za a kai makaranta ba a tambaye su ba, haka mai babur da ke gefen titi. Kuma talaka yakan yarda da abin da bai kamata ya yarda da shi ba, saboda ba shi da zaɓi. Irin wannan inji, ko dai a gyara shi sosai, ko a koma hanya ta huɗu, a sayar da motar a matsayin wadda ba ta da inji, a jawo ta da igiya, kowa ya ga halin da take ciki.

Akwai kuma batun dillali. Mutum yakan ce, "Ni na gaya wa dillali komai," ya wanke hannunsa. Amma la'adar dillali tana ƙaruwa ne da farashi, kuma mai mota ya san haka. Gaskiyar da aka faɗa wa wanda ake kyautata zaton zai haɗiye ta ba ta isa inda aka aike ta ba. Dillalai masu amana suna nan da yawa, kuma su ne za su fi kowa murna in aka ce a rubuta, domin rubutu yana kare su ranar da mai saye ya dawo da fushi. Shi ma bakanike yana da rabonsa. Hannunsa ne ke zuba man, shi ke cire ƙwan fitilar, kuma cewa umarni aka ba shi ba ya sauke masa nauyi.

Rabon mai saye

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kasuwa tana ba da abin da ake biya ne, kuma masu saye da yawa ƙarya suke biya. Mai saye yakan ji an ce "an canja inji" sai ya juya, ya tafi wurin wanda zai rantse masa ba a taɓa kwance noti ɗaya ba, a motar da ta shekara 20 a duniya. Yakan biya kuɗin sabon fenti da ƙyallin taya, ya ƙi biyan kuɗin rasit. Alhali tsohuwar motar da aka ɗora wa inji mai lafiya, aka kuma faɗa, sau da yawa ta fi wadda ke jan injinta na asali da ƙyar. Duk ranar da aka hukunta mai gaskiya saboda gaskiyarsa, an koya wa masu kallo goma su yi shiru.

Maganin kasuwar da Akerlof ya siffanta shi ne a mayar da abin da ba a gani ya zama abin gani, kuma hanyoyin ba su fi ƙarfin kowa ba. Mai sayarwa ya ajiye rasit ɗin injin mai ɗauke da lambarsa, wanda dama mai saye zai buƙata, tunda takardun mota suna ɗauke da lambar tsohon injin. Ya bari a tayar da motar da sassafe, inji a sanyaye. Ya yarda a kai ta a auna matsin kowane fistin a garejin da mai saye ya zaɓa. In kwanakin gwajin da mai shago ya bayar ba su ƙare ba, ya miƙa su ga mai saye. In ya amince da injin da ya sa, ya ba da mako guda daga kansa. Mai ɓoye aibi ba zai iya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, shi ya sa mai saye ke da dalilin yarda da wanda ya yi su, da dalilin ƙara masa kuɗi.

Ba za mu yi wa kowa alkawarin cewa gaskiya kullum tana biya a ranar ciniki ba. Wani lokaci mai gaskiya zai sayar ƙasa da maƙwabcinsa mai wayo, ya koma gida yana ganin kamar shi ne wawa. Dillalin da ke sayar da mota kowane mako yana da suna da zai kare, don haka gaskiya jari ce a wurinsa. Mai albashin da zai sayar da mota ɗaya a shekara goma, ga baƙon da ba zai sake gani ba, shi ba abin da zai tsare shi sai halinsa da tsoron Allah. Shi ne jarrabawar ta fi wa tsanani, domin ba mai kallonsa.

Abin da ake nema daga gare shi bai wuce layi uku ba a takardar ciniki, ƙarƙashin sunan mota da lambarta, kafin shaidu su sa hannu: an canja inji a wata kaza, injin iri kaza ne daga wuri kaza, ga abin da aka sani na matsalarsa. In mutum ya ga hannunsa ya ƙi rubuta layukan nan, to ba wannan injin ya kamata ya ɗora ba. In ya rubuta su, ko da mafi araha ya sa, mai saye ya san abin da ya ɗauka, kuma kuɗin da aka ƙirga masa nasa ne halak malak.